Littafin Tunawa na 'Yan Ajin Ƙarshe a Makarantar Katolika: Abin da Aikin Ke Koyarwa

Littafin tunawa da 'yan SS3 ke tafiya da shi ranar bikin yaye ɗalibai aikin wata tara ne, amma a makarantu da yawa sai an shiga Yuni ake tunawa da shi. A lokacin kuwa an makara. Jarrabawar WAEC tana cinye Mayu da Yuni, NECO ta ɗora har cikin Yuli, kuma da zarar an fara rubutawa, ɗalibi ba ya leƙo makaranta sai ranar da yake da takarda. Wanda ya gama tasa ya ɗaure akwati ya nufi Malumfashi ko Kafur ko Funtuwa, sai dai a bi shi da waya. Shi ya sa littafin da aka fara haɗawa a zango na uku yake fitowa da giɓi, nan suna babu hoto, can hoto babu bayani. Lokacin aikin shi ne zangon farko, daga Oktoba zuwa Disamba, ajin yana cike, darussan yamma na shirin jarrabawa ba su kankama ba.

Wurin sunaye aka fi yin ɓarna. Yaron da ya taso a gidan Kirista a ƙasar Katsina yakan zo da suna uku ko huɗu: na gida irin su Ɗanladi ko Talatu, na baftisma irin su Bulus ko Maryamu, sannan na uba, wani lokaci har da na kaka. Rajistar JSS1 ta ɗauki ɗaya, takardar baftisma ta ɗauki wani, katin NIN kuma ya juya jerin. 'Ya'yan Ibo da na Yarabawa da iyayensu ke sana'a a birni sau da yawa an rubuta nasu ne yadda kunne ya ji. Ɗalibai Musulmi, waɗanda ba a rasa su a irin waɗannan makarantu, su ma da tasu matsalar, don Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wajen hukumar jarrabawa mutum uku ne. Abin da ke aiki shi ne a ɗauko sunan da za a yi rajistar WAEC da shi, a buga jerin, kowane ɗalibi ya karanta nasa harafi bayan harafi ya sa hannu a gefe. Sunan da aka san shi da shi a aji ya zo a layi na biyu. Wannan zama na awa ɗaya ribarsa biyu, domin kuskuren da aka kama kafin a rufe rajista gyaransa kyauta ne, wanda kuma ya hau satifiket sai da takardar rantsuwa a kotu da kuɗi da dogon jira.

Akwai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma idan injin maɗaba'a bai gane su ba sai ya bar ɗan akwati a gurbinsu. A miƙa aikin a PDF da salon rubutun a kulle a ciki, a kuma duba manyan Ƙ da Ɗ musamman, su ne suka fi ɓacewa.

Aji ba waɗanda suka kai ƙarshe ne kaɗai ba. A ɗauko rajistar JSS1 ta shekara biyar baya a jera ta da ta SS3, za a ga waɗanda suka fita a hanya: ɗan soja ko ɗan sandan da aka canza wa mahaifinsa wurin aiki, wanda kuɗin makaranta ya gagara, wanda rashin tsaro ya tayar da gidansu, wadda aka aurar, da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Shafi ɗaya ya ishe su, amma dole ya kasance. Ba a rubuta dalilin fitar kowa. Mamaci kuwa, a je gidansu a nemi izini kafin a sa hotonsa, a kuma bar iyaye su zaɓi addu'ar da za ta zo a ƙasa bisa addininsu.

Hoto kuwa, mai ɗauka ɗaya, bango ɗaya, kwana biyu, na biyun domin waɗanda ba su zo ba. A ɗauka da safe kafin ƙarfe goma, a inuwar baranda. Ranar tsaka tana sa a runtse ido, hazon Disamba kuma yana disashe launi. Kowane ɗalibi ya riƙe allo mai lambar shigarsa makaranta a ɗauka ta farko, a ajiye allon a ta biyu, a sa wa hoton wannan lambar a kwamfuta. Da haka ake tsira daga kuskuren da ya fi kowane ciwo, wato hoton wani a kan sunan wani. Hoto mai faɗin santimita 5 da tsawon 7 yana buƙatar ɗigon hoto kusan 600 a faɗi da 830 a tsawo kafin ya fito tas a takarda. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, don haka a tura shi a matsayin fayil ko a kai a filashi.

Shafuka suna tafiya ne huɗu-huɗu, saboda takarda ɗaya da aka ninka ita ce shafi huɗu. A ce ajin mutum 80 ne, shida a shafi, ɗalibai sun ci 14. Da malamai da saƙonni da hotunan taruka, 48 sun wadatar, kuma wannan kaurin ɗinkin waya a tsakiya yana riƙe shi. Ciki takarda mai sheƙi giram 135, bango giram 300 da leda. Launi ya fi duhu a takarda a kan yadda yake a fuskar kwamfuta, kuma fuskokinmu ne ke fara nutsewa. Kada a biya cikon kuɗi sai an ga gwajin shafi ɗaya na hotuna a ainihin takardar.

Tambayar "me za ka riƙa tunawa?" ba ta haifar da komai sai "malamaina da abokaina" sau tamanin. Ƙunƙuntar tambaya ce ke fito da magana: wace waƙa aka fi rerawa a taron safe, wane horo ne kowa ya sha, wa ya ba ka aron littafi ranar da naka ya ɓata. Malami ɗaya da ɗalibai biyu su karanta duk amsoshin, su cire laƙabin da mai shi bai yarda da shi ba, da duk barkwancin da ya taɓa addini ko ƙabila ko halittar mutum. Abin da ya ba da dariya a aji yakan zama tabo in an buga shi. Hotunan taruka su nuna ajin yadda yake: sujadar godiya, waƙoƙin Kirsimeti, ranar waliyyin makaranta, da kuma shan ruwan azumi da ranar da 'yan gari suka kai abokansu kallon hawan sallah a Ƙofar Soro. A duba kalanda tun farko, don azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 2025 an rufe makarantu a Katsina a watan Ramadan, zango na biyu ya gajarce.

Shafin tarihi galibi kwafo shi ake daga littafin bara, har da abin da ya tsufa. Tun Oktoban 2023 Katsina ta zama dayosis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop, mai zaman kanta, an cire ta daga Sakkwato, da babban coci a St. Martin de Porres, kuma bishop ɗinta na farko shi ne Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Mai son saƙon Bishop a littafin ya rubuta takarda ta hannun Fada, wato limamin coci, ko shugaban makaranta tun Janairu, kafin hidimar azumin kwana arba'in da Ista ta ɗauke shi.

Adireshin gida da lambar waya ba sa shiga littafin. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 wannan bai buƙatar dogon bayani, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yara. A yi rajista dabam, kwafi biyu, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun sakataren aji, da lambar shiga da lambar mahaifi ko mahaifiya, don layin ɗalibi yana canzawa da ya shiga jami'a. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta faro a matsayin Kwalejin Katsina a 1921, har yau da lambar shiga suke gane juna.

Kuɗin littafi a karɓe shi da rasit nasa dabam, kada ya cakuɗe da na biki, in ba haka ba lemo da rumfa za su cinye shi. A buga ƙarin kwafi goma domin laburare da ofishin dayosis da iyayen waɗanda suka rasu. Na makaranta a sa shi a akwatin ƙarfe nesa da bango saboda gara, PDF ɗin kuma a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a imel ɗin makaranta, ba a wayar malamin da za a iya canza wa wurin aiki baɗi ba.