Bangon yamma da muka yi wa riga a Tawa

Bangon yamma na ɗakin kwanana bulon siminti ne mai kaurin santimita 15. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, rana takan dake shi tun daga azahar har ta faɗi. Sai ya haɗiye zafin, bayan isha'i ya fara amayar da shi cikin ɗaki. Fanka sai dai ta yi ta juya huci.

Bara na kira magini muka tayar da wani siririn bango daga waje, muka bar tazarar kamar santimita 10 a tsakani. Da na faɗa masa, dariya ya yi: "Malam, gidan kunama za ka gina." Gaskiyarsa, shi ya sa kowace kafa muka rufe ta da raga. A layin ƙasa muka riƙa tsallake bulo nan da can don mu bar wa iska kafa, a sama ma haka, sannan muka kifa kwano a bisa don kada ruwan damina ya zuba ciki. Matsattsen bulon ƙasa na zaɓa, irin wanda aka gina sabon masallacin Dandaji, wani gari a jihar Tawa, da shi a 2018, don ba ya saurin bari zafi ya ratsa shi.

Yanzu bangon waje ke shan rana. Iskar da ke tsakani in ta ɗumama sai ta tashi ta fice ta sama, wata ta shigo ta ƙasa. Da la'asar in ka hau kujera ka kai hannu bakin kafar sama, za ka ji zafi na fita, bangon ciki kuwa ɗumi-ɗumi kawai.

Amma duk amfanin yana ga tafiyar iskar. Bayan hunturu ƙura ta toshe ragar ƙasa, ɗakin ya fara komawa halinsa na da, sai da na bi ta da tsintsiya. Wanda zai yi, ya bar kafofin da faɗi, kuma ya hana yara jingina kaya a gindin bangon.

Kada kuma a ɗora wa bango abin da ba nasa ba. Rufina kwano ne, da tsakar rana ta nan mafi yawan zafin ke sauka. Bana silin zan sa, in bar wa iska hanya a ƙarƙashin kwanon.