Sana'ar buga takardar da ke faɗin zafi da launi

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinmu kuma buga 'yan takardun manne masu sauya launi idan zafi ya hau ko ya sauka. Masu kiwon kifin ado suna liƙa su a jikin tankin gilashi, wasu injiniyoyi kuma suna shafa tawadarmu a allon lantarki don su ga inda ya fi ɗumi. Takardar ba ta da batir. Abin da ke aikin shi ne ruwan kiristal, sinadarin da ke gudana amma ƙwayoyinsa suna nan a jere.

A 1888 ne masanin tsirrai Friedrich Reinitzer ya lura wani sinadari da aka samo daga kolestarol yana narkewa sau biyu: wajen digiri 145 ya zama ruwa mai hazo, sai wajen 178 ya washe tas. A irin wannan tsakanin muke cin abincinmu. Nau'in da muke amfani da shi, ƙwayoyinsa kan jeru su murɗe kamar igiya, kuma ba wanda ya jera su, su suke shirya kansu. Tazarar murɗin ce ke zaɓar launin da zai dawo wa ido. Zafi na ƙaruwa murɗin yana matsewa, sai launi ya tashi daga ja zuwa kore, ya ƙare a shuɗi. Har yau abin yana burge ni.

Tunda su ke jera kansu, namu aikin kariya ne. Sinadarin ba ya jure datti, ɗan tururin man fenti ma yana iya kauda launinsa daga inda aka saita shi, hasken rana kuma yana kashe shi a hankali. Shi ya sa muke sayensa a rufe cikin ƙananan ƙwanso na jelatin da ƙaro, waɗanda ido ba ya rarrabewa, mu dama a tawada mai ruwa. Dole a dama a hankali, domin in ƙwanson ya fashe, kayan sun tashi aiki. Muna tura tawadar ta cikin raga mai laushi, a kan baƙar shimfiɗa. Baƙin ne ke shanye sauran hasken. A kan fari da ƙyar za ka ga launin.

Inda muka fi daɗewa shi ne gwaji. Kowane rukuni sai mun tsoma samfurinsa a ruwa mai daidaitaccen zafi, ma'auni amintacce a gefe. A jikin takardar akwai ƙananan akwatuna, kowanne da lambar zafinsa. Akwatin da aka rubuta 26 dole ya yi kore shar a digiri 26. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, zafin ruwan bai kai ba. In ya yi shuɗi, ya ɗan wuce. Rukunin da ya kauce ba ya fita daga wurinmu.

Akan zo mana da buƙatar takardar goshi da za ta maye gurbin ma'aunin zazzaɓi. Wannan nakan ƙi. Takardar zafin fata take karantawa, fata kuwa iska da gumi suna sanyaya ta, uwa tana iya ganin takardar ta nuna ba zazzaɓi alhali jikin ɗanta da zafi. Mai son ta don ankararwa kawai muna buga masa, da sharaɗin a rubuta a jiki cewa a tabbatar da ma'aunin asibiti.