Kilo biyu cikin mako ɗaya ba laifin abinci ba ne

Kuskuren da ya fi tsada a aikin kula da nauyin masu ciki baƙar fata a Amurka shi ne ɗora kowane ƙarin nauyi a kan abinci. Mace ta hau sikeli a mako na 32, an ga ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana bakwai, sai ma'aikaciya ta ɗauko takarda ta shiga tambayar soyayyen kaza da lemon gwangwani. Kitse ba ya taruwa da wannan saurin. Galibi ruwa ne. In kuwa ya zo da kumburin fuska, zobe ya ƙi fita daga yatsa, kai na sarawa ko ido na gani dishi-dishi, to hawan jinin masu ciki ake zargi, wanda kan kai ga jijjiga. A gwada jininta nan take. Ya kai 140/90, a haɗa ta da likita a ranar, kada a ce sai awo na gaba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta nuna mata baƙar fata na mutuwa sanadin ciki da haihuwa kusan ninki uku na farare, kuma kukansu na kullum shi ne ba a sauraron su. Duk da haka, abin da na sama ke nema a rahoto shi ne mata nawa suka tsaya cikin ma'aunin ƙarin nauyi. Wanda bai taɓa zama da mai ciki ba ne ke tsara takardar, shi ya sa idon ma'aikata ke kafewa a kan sikeli.

Ma'aunin kansa ba shi da laifi. Ƙa'idar Amurka ta 2009 ta ce a tsawon cikin, mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16, mai ɗan ƙiba 7 zuwa 11.5, wadda BMI ɗinta (awon nauyi gwargwadon tsayi) ya kai 30 kuma 5 zuwa 9. Ba a sa mai ciki ta rage ƙiba.

Zancen "ci na mutum biyu" ma ba haka yake ba. Wata ukun farko babu ƙari, na tsakiya kalori 340 a rana, na ƙarshe 450. Lemon gwangwani ɗaya ya cinye kusan 140, don haka daga abin sha ake farawa.

Kada a soke girkin gida. Ganyen da ake dafawa da naman alade, a dafa shi da talo-talo mai hayaƙi, kuma a gayyato uwa ko kakar da ke riƙe da tukunya. A duba ko mai cikin ta yi rajistar tallafin abinci na WIC kafin a ce ta sayi kayan lambu.

Tafiya minti 150 a mako, ko da goma-goma ne. Inda unguwa ba tsaro, cikin babban kanti ya wadatar. A kuma tambayi batun gashi, domin wadda ta biya kuɗin gyaran kai ranar Asabar ba za ta so yin gumi ranar Lahadi ba.