Abin da tantance 'yan mata kan ciwon mara ya koya mini

Babu gwajin jini da zai tabbatar yarinya tana da endometiriyosis. Sikanin ma yakan fito lafiya lau alhali cutar tana nan. Shi ya sa a aikina na jinya, tantance 'yan mata masu tasowa ya dogara kacokan a kan tambaya da saurare.

Cutar kuwa ita ce tsoka irin shimfiɗar cikin mahaifa ta tsiro a wajen mahaifar, a kan ma'ajiyar ƙwai ko bangon mara, wani lokaci har hanji. Duk wata sai ta kumbura, a hankali ta bar tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato wajen miliyan 190. Da yawansu tun suna makaranta ciwon ya fara, amma sai an shafe shekaru kafin a gano shi.

Idan na ce, "Kina ciwon mara lokacin al'ada?" kusan kowace za ta ce eh, ban ƙaru da komai ba. Tambayoyin da ke fito da magana su ne: ciwon yana hana ki zuwa makaranta? Kina amai? Kina jin zafi wajen bayan gida ko fitsari? Yana zuwa ko ba kya al'ada? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a 'yan mata ciwon ba lallai ya bi wata ba.

Na kuma lura yarinya takan saci kallon mahaifiyarta kafin ta amsa. Sai in ce, "Mama, don Allah ki ba mu minti biyar." Da an rufe ƙofa, wadda ta ce "ba sosai ba" sai ta faɗa mini takan kwana a duƙe, ta danne mararta da matashi. Kalmar da ta fi ci mini rai ita ce ta iyaye: "Ni ma haka na yi, in ta haihu zai daina." Haihuwa ba ta warkar da cutar, kuma uwar da ta sha irin wannan wahala ita kanta alama ce, tunda cutar tana bin dangi.

Ba kowane ciwon mara ne endometiriyosis ba, don haka ba na tsorata kowa. Ana farawa da maganin zafi irin ibuprofen, ko ƙwayoyin daidaita al'ada, waɗanda sai na zauna na yi wa uwa bayaninsu a tsanake. In wata 3 zuwa 6 suka wuce babu sauƙi, sai a tura ta wurin likitan mata. Kafin nan nakan sa ta riƙa rubuta ranakun ciwon da ranakun da ta yi fashin aji, ta tafi wa likita da takardar.