TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Shekarar da na zama koci a cikin waya

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne inda na gama koyon gyaran waya har na samu ɗan teburi nawa na kaina a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, toh yau zan ɗan kauce daga maganar sana'a in ba ku labarin wani abu da ya shigo rayuwata a wannan shekarar ta 2016 kuma har gobe bai fita ba, duk da irin addu'ar da uwargida take yi masa.

Wani yaro ne da ke saida caja da iyafis a gefena ya jawo min. Kullum in kasuwa ta yi sanyi sai in ga ya sunkuyar da kai kan waya yana tsaki shi kaɗai yana lissafi da yatsu, rannan dai na ce kai wai bashi ake bin ka ne, sai ya miƙo min wayar ya ce Oga duba ƙungiyata. Fantasy Premier League kenan, mu dai fantasi kawai muke cewa. Hukumar Firimiya ce da kanta take gudanar da shi kuma kyauta ne, data ɗinka kawai zai ci. Za a ba ka fam miliyan 100 na bogi ka sayi 'yan wasa 15, gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, duk mako ka fitar da 11, abin da suka yi a fili na gaske shi ne makinka. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da aka ci 3, in ba a zura wa ƙungiya ko ɗaya ba gola da 'yan baya su samu 4 kowannensu, sannan wanda ka ɗaura wa kyaftin a ninka masa. Kati kuma a zaftare maka. Duk wannan bai dame ni ba, dokar da ta tsaya min a rai ita ce ba za ka ɗauki fiye da mutum 3 daga kulob ɗaya ba. Ni ɗan United ne tun ina firamare, ga Mourinho ya zo, ga Ibrahimovic, ga Pogba an dawo da shi kan fam miliyan 89, ga De Gea ga Rashford, a ce wai in zaɓi uku in bar sauran in je ina saye a gidan maƙiya? Yaron ya yi dariya ya ce Oga ai nan wasan yake.

Kafin a fara kaka mun haɗa lig ɗinmu na unguwa, mu goma sha wani abu, duk 'yan gidan kallo ɗaya ne. Akwai ni, akwai mai caja, akwai wani malamin lissafi na sakandare wanda tun ranar farko muka san zai ba mu wahala dan da littafi yake zuwa, akwai direban adaidaita, sai kuma telan layinmu wanda ya girme mu duka, Yaya muke ce masa. Aka buɗe guruf a WhatsApp, aka sa doka cewa ba zagin iyaye, komai banda wannan ya halatta.

A wannan shekarar babu wanda zai haɗa ƙungiya a Kano bai sa Ahmed Musa ba. Yaron da mutane suka gani da idonsu yana buga wa Kano Pillars a filin wasa na Sani Abacha, ya je Holan ya je CSKA Moscow, yau ga shi Leicester masu riƙe da kofi sun saye shi, sannan a wasan share fage ya zura wa Barcelona biyu, ɗaya ma tun daga wajen tsakiyar fili ya kwaso gudu. Wallahi a daren nan har masu shayi maganar suke. Kowa a lig ɗinmu ya saye shi in banda malamin lissafi, shi cewa ya yi sai ya ga ko koci zai dinga fara wasa da shi tukuna, muka yi masa ca, har direba ya ce dama 'yan boko ba su da kishi. Ranar 13 ga Agusta aka buɗe kaka da Hull da Leicester da rana tsaka, Hull da ta hauro daga ƙasa ta doke zakarun 2 da 1, ƙwallon Leicester ɗin ma Mahrez ne ya ci da fenariti. Daga nan mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saida Musa a ɓoye ba ya faɗa sai in an buɗe ƙungiyoyi a gani. Ni ma cikin Satumba na sallame shi. Yaya tela ne kaɗai ya ce shi ko Musa zai kwana a benci har ƙarshen kaka ba zai saida ɗan gida ba, kuma ba riƙe shi kawai ya yi ba, kyaftin yake ba shi duk mako.

A tsakanin nan ne Baba ya kira ni. Ashe ƙanwata ce ta je ta ce ta ji ina waya ina cewa na saida wane na sayi wane saura miliyan ɗaya da rabi a hannuna. Bayan Isha ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, na durƙusa, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Wato caca ka fara." Ban ga laifinsa ba, lokacin shagunan caca na ƙwallo sun fara yawa kuma ya san gidajen da abin ya shiga ya yi ɓarna. Na ce Allah ya ƙara maka lafiya Baba ba caca ba ce, ba a sa ko sisi ba a cin ko sisi, kuɗin ma na ƙarya ne. Ya ce toh in ka ci me za a ba ka? Na ce ba komai. Ya ce in ka faɗi fa? Na ce dariya za a yi min. Ya kalle ni ya kalli wayar ya ce, "Kana nufin wahalar banza ce kawai." Na ce kusan haka ne Baba. Sai ya ce in dai wahalar banza ce je ka yi, amma ranar da kuɗi ya shiga ciki ko naira biyar ce ban yafe ba, kuma kar in ji an ce an tada salla kana gidan kallo. Wannan maganar ita ta tsare lig ɗinmu, dan daga baya direba ya kawo shawarar kowa ya dinga zuba wani abu duk wata wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, na ce in an yi haka ni na fita, malamin lissafi ya goyi bayana, maganar ta mutu.

Yanzu bari in zo kan makon da ba zan manta ba. Asabar 22 ga Oktoba Leicester ta ci Crystal Palace 3 da 1 kuma Musa ne ya fara ci, ƙwallonsa na farko a Firimiya. Yaya tela ya rufe shago ya zo har teburina da tef ɗin awo a wuya, bai ce komai ba, wayarsa kawai ya ajiye a gabana ya naɗe hannu. A guruf kuwa saƙon murya ya dinga turowa har dare yana kiran sunan duk wanda ya saida Musa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar lafiyar iyalinsa.

Washegari Lahadi Chelsea da United a Stamford Bridge, komawar Mourinho tsohon gidansa. Ga matsalata. Tun da Arsenal ta yi wa Chelsea 3 da nema a watan Satumba, kocinsu Conte ya koma tsarin 'yan baya uku kuma aka daina zura musu ƙwallo, duk mai ido a fantasi ya ga inda maki yake, ni ma na sayi Cahill na sayi Hazard, kuma da na zauna na yi lissafi ba son rai sai na ga Hazard ya kamata in ba kyaftin. A kan ƙungiyata United. Tun kafin a fara wasannin makon na danna na kashe wayar na sa a aljihu ban faɗa wa kowa ba.

Muna idar da La'asar muka ruga gidan kallo. Rumfar kwano ce da bencina, talabijin uku a gaba, fanka ɗaya da ba ta kai wa baya, janareto na ta ƙara a bayan katanga, Oga mai gidan ya ƙara kuɗin shiga tun da fetur ya koma naira 145 a watan Mayu amma duk da haka ko wajen tsayuwa babu. Na zauna a layinmu na 'yan United da jar rigata. Ko daƙiƙa 40 ba a yi ba Pedro ya ci, wasu ma ba su gama biyan kuɗin ƙofa ba. Wannan ya yi min ciwo tsakani da Allah dan ba ni da Pedro. Sai aka yi kwana, ƙwallo ta faɗo gaban Cahill ya buga ta shiga, layinmu ya yi tsit, ni kuma ƙwaƙwalwata da kanta ta ce shida, in kuma ba a ci su ba goma sha biyu har da makin buga wasa. Na dafe kai kamar kowa amma a ƙarƙashin hannun nan lissafi nake. Bayan hutun rabin lokaci Hazard ya yanke ya buga ta uku, wallahi ban san lokacin da ƙafata ta daki bencin gaba ba, wani "yawwa" ya kuɓuce min ƙasa-ƙasa. Na kusa da ni, wanda tare muka yi kukan ritayar Ferguson a 2013, ya juyo a hankali ya ce, "Me ka ce?" Na ce cewa na yi wayyo. Mai caja yana can layin 'yan Chelsea ya riga ya buɗe ƙungiyata a wayarsa, ya miƙe tsaye ya ɗaga ta sama yana ihu jama'a Hazard ne kyaftin ɗin Oga! Sauran mintunan nan ina zaune da rigar United ina fatan kar United ta ci ko ɗaya saboda makin Cahill, ana ta dungure min kai ta baya. Aka tashi 4 da nema. A makon na zo na ɗaya a lig ɗinmu, kuma sai da aka yi wata guda 'yan layinmu ba sa matsa min waje a benci.

Ta huɗun Kante ne ya ci, kuma ita kaɗai ce ƙwallonsa a Firimiya a kakar gaba ɗaya, amma shi 'yan wasa suka zaɓa gwarzon shekara. Wannan shi ne abin da na daɗe ina ƙi da fantasi. Mutumin da ya ɗauki Leicester a ka ta ci kofi, ya koma Chelsea ita ma ta ci, a fantasi maki biyu biyu yake kawowa, in ka saye shi ma dariya za a yi maka. Ƙwace ƙwallo da tare hanya ba su da lada a lokacin, sai a kakar 2025/26 suka ga dama suka fara ba da maki kan aikin tsaro. Shi kuwa Alonso na Chelsea da aka rubuta ɗan baya alhali rabin wasansa a gaba yake, kowa rububinsa yake. Dan haka duk wanda ya ce min fantasi na koya wa mutum ƙwallo sai in ce a'a, tana koya maka dai waye ke kusa da raga.

Farkon Nuwamba ɗan kawuna da ke karatu a Chicago ya kira ni ta bidiyo, bayansa sai ihu da hon ɗin motoci, na ce lafiya, zaɓen naku ne ya rikice? Ya ce ina, Cubs ne, ƙungiyar garin, suka ci kofin besbol, rabonsu da shi tun 1908, shekara 108 kenan. Da na ba shi labarin Hazard sai ya ce ai mu wasan yara muke, shi fantasin besbol yake yi da 'yan ajinsu. A can kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka, kusan kullum ana wasa, dan haka kullum sai ka duba wa zai buga wa ke hutu, ba irin namu na mako-mako mai zagaye 38 ba. Kuma su kafin kaka zama suke a yi zaɓe bi da bi, ɗan wasan da wani ya ɗauka ya zama nasa shi kaɗai, in kana so sai dai ku yi musaya. Ya ce salon da suke bi ma a 1980 wani ɗan jarida Daniel Okrent da abokansa suka tsara shi, a wani gidan abinci na New York suke haɗuwa mai suna La Rotisserie Française, shi ya sa har yau ake ce wa salon Rotisserie. Ya so ya sa ni a nasu in kaka ta dawo, na tambaye shi ƙarfe nawa ake wasan, da muka lissafa wasan ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Kano. Na ce ɗan uwa ka bar ni da Baba ɗaya da na samu na lallaɓa. Amma maganar zaɓe bi da bi ɗin nan ta zauna min, dan da haka muke yi da tun farko an bar wa Yaya tela Musansa shi kaɗai kowa ya huta.

Shi kuwa Musa ya ƙara ci a wasan Tottenham mako ɗaya bayan na Palace, daga nan ƙwallonsa a lig ta tsaya. Ranar 7 ga Janairun 2017 ya shigo daga benci ya zura wa Everton biyu Leicester ta ci 2 da 1, Yaya tela ya saya wa duk wanda ke teburin mai shayi shayi da burodi, yana cewa kyaftin ne fa, a ninka. Babu wanda ya iya buɗe baki sai da aka cinye, sannan malamin lissafi ya goge bakinsa ya ce, "Yaya, kofin FA ne, ba ya cikin lissafi." Mai shayi dai ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda aka ƙare kakar, da yadda zuwa karɓar ɗinkin sallah a shagon Yaya tela ya haɗa ni da wadda yanzu take yi wa fantasin addu'a.