Harsashi bakwai na Weber

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin mafarauta a Zangon Kumasi ya ji labarin bindigar da ba ta kuskure. Jamusawa ma suna da nasu, kuma shi mai tsara kiɗa Carl Maria von Weber ya mayar wasan waƙa mai suna Der Freischütz, wanda aka fara nunawa a Balin ranar 18 ga Yuni, 1821. Friedrich Kind ne ya rubuta kalmomin.

Maharbi Max zai auri Agathe in ya ci gasar harbi, sai ya shiga kuskuren harbi. Abokinsa Kaspar ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare don su zuba harsashin tsafi. Kayan haɗin: dalma, garin gilashin tagar coci, zaiba, harsashi uku da suka taɓa samun abin hari, idon dama na alhudahuda, da idon hagu na wata kyanwar daji. Harsashi bakwai ake zubawa. Shida na maharbi ne, na bakwai na aljani Samiyel, inda ya ga dama nan zai kai shi.

A wannan fage wasan yake tashi ko ya faɗi. Samiyel ba ya waƙa, magana yake yi, kuma alamarsa amo huɗu ne masu tsami da ake bugawa tare, da tambari a hankali. Kaspar na ƙirga harsashi, amsa-kuwwa na maimaitawa, kowane da nasa abin tsoro: tsuntsayen dare, baƙin gadu, guguwa. In masu shiryawa suka zuba hayaƙi da tsawa tun a harsashin farko, ba abin da ya rage wa na bakwai, sai 'yan kallo su kama dariya. In makaɗa suka danne muryar mai magana kuwa, ƙirgen ya ɓace.

Mutanen Balin sun karɓe shi hannu bibbiyu, har waƙar ƙawayen amarya ta cikin wasan ta cika tituna, ta ishi marubucin waƙoƙi Bajamushe Heinrich Heine. Faransa ce ta wahalar da shi. A 1824 an yi masa kwaskwarima aka sa masa wani suna daban. A 1841 babban gidan wasan Faris, wanda bai yarda da magana zalla ba, ya sa mai tsara kiɗa Bafaranshe Hector Berlioz ya mayar da hirarrakin waƙa, aka ƙara rawa. Wasan ya yi tsawo, ya yi nauyi. Mai neman faifai ya duba wanda aka bar hirar Jamusanci yadda take.