Wasiƙa daga Nairobi: aikin da Wangari Maathai ta bari

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Nairobi, da fatan kowa yana lafiya, manya da yara.

Yau labarin wata baiwar Allah nake son ba ku, Farfesa Wangari Maathai 'yar ƙasar Kenya, wadda ta rasu a watan Satumban 2011. Yawancinmu mun san ta ne da kyautar Nobel ta zaman lafiya da ta samu a 2004, mace ta farko daga Afirka da aka ba. Amma kafin nan malamar kimiyya ce a Jami'ar Nairobi, inda ta yi digirin digirgir a 1971, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a gabashi da tsakiyar Afirka.

Matan karkara ne suka kawo mata kuka: itacen girki ya yi nisa, ƙoramu suna ƙafewa, ruwan sama yana wanke ƙasar gona. Ta bi sawu ta gano tushen matsalar, wato sare dazuzzuka don a shuka shayi da kofi na sayarwa. A 1977 ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement, aka fara da bishiyoyi bakwai kacal. Yau an haura miliyan 50.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarinta. Mata su tattara iri daga bishiyoyin yankinsu, su reni dashe a gwangwanaye, sannan a biya su ɗan ihsani, amma fa sai dashen ya kama ya rayu. Ku kwatanta wannan da bikin dashen itatuwa da muka saba gani: manya su zo da 'yan jarida, a zuba ruwa sau ɗaya, kafin sati awaki sun gama da shi. Su kuwa manoman Maraɗi da Damagaram da ke barin tohon gawo ya girma a gona suna kula da shi, hanyarsu ɗaya da tata.

Ba ta tsaya kan dashe ba. A 1989 gwamnatin Daniel arap Moi, shugaban Kenya na lokacin, ta so gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru da ke nan Nairobi. Ta ce ba za ta saɓu ba. An zage ta a majalisa, amma masu zuba jari suka janye, ginin ya mutu. A Janairun 1999 kuma 'yan daba suka fasa mata kai a dajin Karura da ke nan Nairobi, lokacin da ake rabon filinsa ga masu uwa a gindin murhu.

Dajin yana nan, kusan hekta 1,000 a cikin birni, an kewaye shi da shinge, iyalai na biyan kuɗin shiga su sha iska. Tun 2012 kuma Tarayyar Afirka ta haɗa sunanta da ranar muhalli ta nahiyar, 3 ga Maris.

Ku gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Nairobi